Filashin da Aka Wanke a Gwaram

Malam Ashiru mutum ne da ba ya sayen takalmi sai ya gwada uku. Abokan aikinsa a sakandaren da yake koyar da kwamfuta a Birnin Kudu sun san shi da wannan hali, har sukan ce in ka aike shi sayen gishiri sai ya lashi na kowace tasa a kasuwa kafin ya dawo. Ba ya jin haushi. Shi a ganinsa duk wanda ya yi asara, gaggawa ce ta ja masa, kuma ya daɗe da yanke wa kansa cewa ba ya cikin irin waɗannan mutane.

Shi ne ɗan farin Inna Hapsatu, wata Bafulatana da ke zaune a wani ƙauye kusa da Gwaram, inda danginsu suka daɗe da ajiye sanda suka kama garma, sai 'yan shanun da ba a rasa ba. Ana yaye shi aka ba baffansa riƙonsa a Birnin Kudu, ya tashi da Hausa zalla a bakinsa. Fillancinsa bai wuce gaisuwa ba, ita ma a karkace.

Tunda ya yi wayo bai taɓa jin Inna ta ambaci sunansa ba. In ya je gaishe ta sai ta kau da kai wajen bango ta amsa a gajarce, sannan ta dubi ƙanwarsa Munawwara ta ce, "Tambayi mutumin Birnin Kudu ko ya ci abinci," alhali yana durƙushe a gabanta. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, shi ma ya sani, har yakan yi wa matarsa bayanin al'adar yana dariya. Amma sanin bai hana abin ya riƙa ci masa rai ba. Ga shi da furfura a gemu, har yanzu yana kwaɗayin uwarsa ta kira shi sau ɗaya.

Da jikin Inna ya fara ƙi, sai ya samo wata 'yar na'urar ɗaukar murya. Duk ƙarshen mako ya hau babur ya nufi Gwaram, ya miƙa wa Munawwara na'urar ta shiga ɗaki tana jan Inna da hira, shi kuwa ya zauna a bakin ƙofa kan turmi a kife. Haka aka ɗauki labarin shanun kakanninsu da hanyoyin da suka bi, da waƙoƙin daka, da yadda aka yi yunwar da ta sa suka zauna wuri ɗaya. Rabi da Hausa, rabi da Fillanci.

Wata ranar Asabar da la'asar, ana yayyafi, Inna ta ce wa Munawwara ta ajiye abin a kan tabarma ta fita, ta kuma ce wa wancan kada ya tashi daga bakin ƙofa. Ta yi gyaran murya ta fara magana da Fillanci, a hankali, da wata murya da bai san ta da ita ba. Ta daɗe tana yi. Bai fahimci komai ba sai abu ɗaya: sunansa. Ya ji shi a farko, ya sake jinsa a tsakiya, har sai da ya dafa bango. Da ta gama ta kira Munawwara ta ce, "Ki ce masa wannan nasa ne. Kada ya ba kowa ya juya masa da Hausa sai ƙasa ta rufe idona."

Tun daga ranar Malam Ashiru bai sake samun natsuwa ba. Abin da yake nema duk rayuwarsa ya shigo hannunsa, a kulle, kuma yana zaune a kan wani memori da bai kai farcen yatsa ba. Wannan memorin kuwa ya taɓa cin amanarsa. Yana cikin kwashe waƙoƙin daka zuwa kwamfutar makaranta janareto ya mutu, da aka tayar sai ya tarar da sunayen fayil ɗin sun koma wasu alamomi kamar tafiyar kaza, waƙoƙin kuma sun tafi ke nan.

Sai halinsa ya motsa. Ya sayi filashi mai kyau, babba, ya ce ba zai zuba muryar Inna a ciki ba sai ya san wane tsari ne ya fi riƙe amana. Don kowane filashi, kafin a zuba masa komai, sai an shimfiɗa masa tsarin da zai riƙa jera fayil yana tuna inda ya ajiye kowanne, kamar yadda kowace mace take da yadda take jeren ɗakinta. Tsarin nan kuwa iri-iri ne, kuma Malam Ashiru ya ɗauki huɗu ya sa su a gaba.

In an tashi daga makaranta sai ya zauna a ɗakin kwamfuta shi kaɗai. Ya shimfiɗa wa filashin tsari ɗaya, ya tura masa manyan fayil yana duba agogon waya, ya tura ƙanana rututu, sannan ya yi abin da yake hana ɗalibansa: ana tsakiyar turawa ya fizge filashin da gangan, ya mayar ya ga me ya tsira.

FAT32, tsohon hannu, shi ne ɗan gari. Waya ta san shi, talabijin ta san shi, rediyon motar haya ma yana karanta shi. Amma fayil in ya kai giga huɗu sai ya ce bai san zancen ba, kuma da aka fizge shi sai ya rikice, irin rikicewar da ta ci waƙoƙin daka. Ƙanensa exFAT ya fi shi ɗaukar kaya, babban fayil ba ya ba shi tsoro, yana da sauri daidai gwargwado, amma shi ma da aka fizge sai da ya zubar da jakar fayil guda. NTFS ya burge shi, domin kafin ya taɓa komai sai ya rubuta abin da zai yi a gefe, in an katse shi ya dawo ya duba ya gyara kansa. Sai dai a kan laftof ɗin Malam Ashiru, mai aiki da manhajar Linux, ba irin ta sauran mutane ba, yana jan ƙafa, kuma duk kwamfutar da ke garin za ta buɗe shi, har da na shagunan buga takardu da ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke cikinsu.

Na huɗun shi ne ext4. Shi ma yana rubuta niyyarsa kafin ya yi aiki. A wajen ƙananan fayil ya bar sauran a baya, aka fizge shi aka sake fizgewa, abin da aka riga aka ajiye bai ko girgiza ba. Aibinsa ɗaya ne: in ba laftof irin ta Malam Ashiru ba, yawancin kwamfutocin da mutane ke amfani da su ba su san shi ba, ba sa ma ganin akwai wani abu a ciki. Malam Ashiru ya dubi wannan aibi ya ga ai ado ne. Maganar da uwa ta kori kowa daga ɗaki kafin ta faɗa, me ya fi mata kyau irin ɗakin da mutum ɗaya ne ke da mabuɗinsa?

Ya kwashe komai ya zuba a filashin. Bai bar kwafi a laftof ba, don malamai na aronta su buga tambayoyin jarrabawa. Memorin na'urar kuma ya share shi, aka yi ta ɗaukar wasu abubuwa a kai, har muhawarar ɗalibai. Ya san ƙa'ida sarai, shi da yake koyar da ita: abu mai muhimmanci ba a ajiye shi wuri ɗaya. Kullum yana cewa zai sayi filashi na biyu. Abin da ya tsayar da shi, bai gama binciken na wane kamfani ne ya fi ƙarko ba.

Inna Hapsatu ta rasu gero na fitar da kai. Malam Ashiru ya yi kuka irin na manya, wanda ba a ji sai dai a ga gemu ya jiƙe. Amma a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani abu da yake jin kunyar kiransa ɗoki. Filashin na aljihun gaban rigarsa duk tsawon zaman makoki, yana karɓar gaisuwa yana dafa shi. Ya riga ya zaɓi wanda zai juya masa maganar: Baffa Manu, ɗan'uwan mahaifinsa kuma dangin Inna, da ke cikin garin Gwaram, tsoho mai Fillanci gangariya wanda ba a jin maganar wani a bakinsa. Jira kawai yake a yi addu'ar bakwai jama'a su watse.

Ranar addu'ar ta dace da ranar kasuwar Gwaram. Da safe ya sauya riga, ya rataye ta jiya a ɗakin Munawwara, ya fita wajen maza. Sai bayan azahar ya kai hannu ƙirji ya ji wayam. Ya shiga cikin gida da sauri ya lalube rigar, babu. Yana tsaye da rigar a hannu Munawwara ta yi sallama ta shigo da mayafinta na unguwa.

"Yaya, ai ni na ɗauka," in ji ta. "Su Goggo ne za su koma gobe, tun jiya suke kuka suna cewa ko muryarta a ba su su tafi da ita. Na ga kana cikin mutane, sai na karɓi memorinsu na haɗa da shi na kai wa Kamaluddeen, mai tura wa mutane waƙoƙi a waya a kasuwa, ya zuba musu." Ta buɗe jaka ta miƙo masa filashin. "Amma ashe babu komai a ciki. Ko ba wannan ba ne?"

"Me ya yi masa?"

"Ya ce cuta ce ta cinye shi. Ya dai gyara maka."

Bai san lokacin da ya tayar da babur ba. Shagon Kamaluddeen na bakin tasha, rumfar kwano ce da benci, lasifika na ta amo, samari sun yi layi da wayoyi ana tura musu fina-finai da waƙoƙi. Kamaluddeen na ganinsa ya rage sauti ya miƙe, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna. Wallahi furarta muka sha muka girma a tashar nan."

"Amin. Filashin nan da aka kawo maka, me ka yi masa?"

"Ai Malam Allah ne ya taimake ka aka kawo shi nan. Ina sa shi kwamfuta ta ce ba ta gane shi ba, sai an wanke. Ka san yadda cutar nan take yi, ta cinye abin ciki ta bar kwanko. Kullum sai an kawo min irinsa. Nan take na wanke shi tas, na sa masa tsarin da kowa ke karantawa. Yanzu ko a rediyon mota ka sa shi zai yi."

Malam Ashiru ya ji ƙasa ta ɗan dawo ƙarƙashin ƙafarsa. Wankewa irin ta gaggawa ba ta goge abin da ke ciki, jerin sunayen kawai take sharewa. Muddin ba a zuba wani abu a kai ba, ana iya tono kusan komai.

"Bayan ka wanke, ba ka sa komai ba ko?"

Kamaluddeen ya yi murmushin wanda ya yi abin kirki yana jiran a gani. "Haba Malam, gidan rasuwa guda, in mayar muku da shi fanko? Na ce wa Hajiya ta je ta gama cefanenta. Karatun Alƙur'ani na zuba, na alarammomi daban-daban, da tafsiri da wa'azi, duk abin da nake da shi, sai da ya ce ya cika. Ban karɓi komai ba. Duk wanda ya saurara, Allah ya kai ladan kabarinta."

Samarin da ke benci suka ce amin. Malam Ashiru ya buɗe baki. Yana so ya yi ihu, ya kifar da teburin, ya ce wa yaron nan ya binne masa uwa sau biyu a mako ɗaya. To amma me zai ce? Ya zagi mutum don ya yi wa mahaifiyarsa sadaka da karatu? Kamaluddeen ya yi abin da yake yi wa kowane memori da ya ƙi buɗewa, abin da duk mai turawa daga nan har Birnin Kudu zai yi. Kuma wanda ya zaɓi tsarin da kwamfutar shago za ta gani ta ce fanko ne, yana nan tsaye a cikin takalmansa.

"Na gode," ya ce. "Allah ya saka."

Bai gaya wa Munawwara ba a ranar. Ta gane da kanta, da ta ga ya kasa cin abinci ya zauna kan turmin nan na bakin ƙofar Inna har aka kira magariba. Ta durƙusa tana kuka tana ba shi haƙuri. Ya ce mata ba laifinta ba ne, kuma da gaske yake, sai dai ya kasa duban fuskarta.

Da ya koma Birnin Kudu ya shige ɗakin kwamfuta da duk manhajar tono fayil da ya sani. Ya sa ta farko ta bi filashin daga kai har gindi, ta fito masa da alarammomi. Ya sa ta biyu, alarammomi. Ya kira wani abokin karatunsa da ke gyaran kwamfuta a Kano, abokin ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ashiru, kai ma ka sani. Abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi." Ya tono memorin na'urar, ya samu ɗalibai suna musu a kan amfanin karatun 'ya mace.

Amma Kamaluddeen bai cika filashin taf ba. Akwai 'yan wurare da ba su isa ɗaukar wani wa'azin ba, aka tsallake su. Daga nan Malam Ashiru ya tsinto gutsattsari. Wani Munawwara ce ke dariya. Wani tari ne da kukan kaza. Wani kuma, gajere, da ya kunna sai ya ji yayyafi a kan kwano, ya ji gyaran murya, ya ji sunansa.

Ya kashe da sauri kamar ya taɓa wuta. Farkon maganar ne, bai san iya inda ta kai ba a ma'ana, amma a tsawo ba ta fi a sha ruwa a ajiye kofi ba. Duk da haka zuciya ba ta da kunya, nan da nan ta fara yi masa alkawari. Wataƙila Inna ta fara da muhimmin. Wataƙila sauran duk addu'a ce.

Ya sami Baffa Manu a zaurensa yana tufka igiya. Bayan gaisuwa ya gaya masa komai, bai rage ba. Tsohon bai san filashi ba, bai san tsari ba, amma ya gane an ajiye magana ta ɓata. Ya ajiye igiyar ya ce, "Kunna mu ji."

Malam Ashiru ya kara masa wayar a kunne. Muryar Inna ta cika zauren, ƙasa-ƙasa, da yayyafinta. Tsohon ya rufe ido. Da ta yanke ya buɗe ya fara juya masa.

"Ta ce, Ashiru, ɗana. Ta ce, bakina bai taɓa iya kiranka ba, yau na kira. Ta ce, ka buɗe kunnenka da kyau, akwai abin da na riƙe tun ranar da aka kwance ka daga bayana aka tafi da kai, ban gaya wa mahaifinka ba, ban gaya wa kowa ba. Ta ce, a ranar nan..."

Ya ture wayar daga kunnensa.

"A ranar nan me, Baffa?"

"Nan ta tsaya."

"Ba ta tsaya ba. Ta daɗe tana magana, ina bakin ƙofa."

"To nan abinka ya tsaya."

Malam Ashiru ya matso har gwiwarsa na taɓa ta tsohon. "Baffa, kai ka san ta tun tana yarinya. Kana nan aka kai ni Birnin Kudu. Me kake jin za ta ce? Ko da hasashe ne."

Baffa Manu ya girgiza kai. "Ranar da aka tafi da kai ina wajen shanu. Da na dawo na same ta tana daka, ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Mu ba ma tambaya." Ya ɗauki igiyarsa ya sake ajiyewa. "Ba zan sa wa Hapsatu magana a baki tana kabari ba. In na ƙaga maka mai daɗi, za ka kwana biyu kana murna, sannan ka gane tawa ce."

"To sake juya min."

Aka sake kunnawa. Tsohon ya sake faɗa, kalma bayan kalma, bai ƙara ba bai rage ba, ya zo wurin ya tsaya. Malam Ashiru ya yi godiya ya tashi. A bakin zaure ya daɗe yana taka babur bai tashi ba, sai daga baya ya lura bai murɗa makulli ba.

Yanzu guntuwar maganar nan babu inda bai ajiye ta ba. Tana wayarsa, tana wayar matarsa da ta Munawwara, tana laftof, tana filashi har huɗu, kowanne da tsarinsa, ɗaya ma a kan FAT32 da rediyon mota ke karantawa. Kowa na iya buɗewa, bai damu ba, babu sauran abin ɓoyewa a ciki. Ya haddace ta da Fillancin, shi da gaisuwa ke ba wuya. Wani lokaci yana kan babur tsakanin Birnin Kudu da Gwaram sai ya ji bakinsa na maimaita ta, da muryar ƙasa-ƙasa irin ta Inna, har ya zo "a ranar nan," ya ja numfashi kamar mai shirin ci gaba, sannan ya koma farko.